Yadda Inji Yake Lissafin Ruwan Gobe



Kuna jin ma'aikatan meteyo a rediyo suna faɗin yadda gari zai waye gobe. Su ce akwai alamar ruwa a jihar Maraɗi da kudancin Damagaram. Su ce Tawa za ta sha iska da ƙura. Wata rana magana ta zo daidai. Wata rana kuma a wuni ana duban gabas, ko ɗigo babu. To, ina suke samo wannan magana?

Wasu na cewa tauraron ɗan Adam ne ke gaya musu. Tauraron yana ɗaukar hoton gajimaren da ke sama yanzu. Ba ya iya ɗaukar hoton gobe, don gobe ba ta zo ba tukuna. Maganar gobe daga lissafi take fitowa. Lissafin nan kuwa, in an tona shi har ƙasa, guda huɗun nan ne da kuka sani: tarawa, ɗebewa, ninkawa da rabawa.

Injin da ke wannan aiki shi ne kwamfuta, wadda ƴan lakkol ke kira ordinatar. Ba ta fi ku wayo ba. Abin da ta fi ku da shi sauri ne da rashin gajiya. Wayon na mutanen da suka gano yadda ake farfasa babbar tambaya ne, ta zama ƙananan tambayoyi masu yawa, kowace ɗaya mai sauƙi. Ku ɗauko allo da alli. Za mu yi irin aikin da hannu, ku gani da idonku.

Gona mai karkatacciyar iyaka

A ce gona ce mai kusurwa huɗu, tsawonta metir 50, faɗinta metir 30. Girmanta ba wuya: 50 sau 30, ya ba da 1500. Dubu da ɗari biyar na me? Na ƴan ƙananan filaye masu metir 1 a tsawo, metir 1 a faɗi. Kowane ɗaya sunansa murabba'in metir.

Amma gonar wa ce haka? Gonar gado tana bin bakin ƙorama, ta kauce wa gawo, ta lanƙwasa inda maƙwabci ya dasa gamba. Ba wata ninkawa guda da za ta ba ku girmanta.

Ga dabara. Ku ɗauki igiya, ku yanyanka gonar a tsaye, kamar ana yanka ƙyalle. Kowane yanki faɗinsa metir 10. A ce yanki 5 aka samu. Ku auna tsawon kowane yanki ta tsakiyarsa. Na farko metir 30. Na biyu 42. Na uku 55. Na huɗu 48. Na biyar 25. Ku tara su: 200. Ku ninka da faɗin, wato 10. Gonar murabba'in metir 2000 ce.

Daidai 2000? A'a. Kusan 2000. Bakin kowane yanki a karkace yake, mu kuwa mun ɗauke shi kamar a miƙe. A wani wuri mun bar ɗan fili a waje. A wani wuri mun ci na maƙwabci. In kuna son kuskuren ya ragu, ku ƙuntata yankunan. Faɗin metir 5 zai ba ku yanki 10. Faɗin metir 1 zai ba ku yanki 50. Aiki ya ƙaru, kuskure ya ragu. Mutum zai gaji kafin ya kai 50. Kwamfuta tana tara yanki miliyan kafin ku ƙifta ido.

Yaushe za a tsaya? Ku riƙe wannan da kyau, don za mu sake haɗuwa da shi. Ana tsayawa ne in an ƙuntata yankunan, aka sake lissafi, aka ga amsar ba ta ƙara motsi ba sai ɗan abin da bai dame ku ba. Mai sayen taki bai damu da murabba'in metir 5 ba. Masu rabon gado suna iya damuwa.

Yanzu a ce za a musanya muku gonar nan da wata a fadama, mai kusurwa huɗu, tsawonta da faɗinta ɗaya, girmanta 2000. Kowane gefe metir nawa ne? Ana neman lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da 2000. Tarawa ba ta ba da ita kai tsaye. Rabawa ma haka.

Sai a yi ciniki da ita, kamar a kasuwa. Mai kaya ya faɗi sama, mai saye ya taya ƙasa, a haɗu a tsakiya. Mu taya 50. Mu raba 2000 gida 50, mu samu 40. To 50 ta yi yawa, 40 ta yi kaɗan. Tsakiyarsu 45. Mu sake: 2000 gida 45 ya ba da 44,44. Tsakiyar 45 da 44,44 ita ce 44,72. Ku karanta ta haka: metir 44 da santimetir 72. Mu jarraba ta: 44,72 sau 44,72 ya ba da 1999,88. Abin da ya rage a cika 2000 bai wuce faɗin faifai ba. Zagaye biyu kaɗai muka yi.

Lambar ta gaskiya ba ta da ƙarshe. Tana farawa da 44,7213, ta yi ta tafiya, ba mai iya rubuta ta duka. Ba ma bukata. Wani masani mai suna Heron ya rubuta wannan dabara a Iskandariya ta ƙasar Masar, kusan shekara 2000 da suka wuce. Har yau injuna suna aiki da irinta: a taya, a jarraba, a gyara, a sake.

Randa mai tsaguwa

Gona ba ta motsi. Iska da gajimare kuwa ba su zama wuri ɗaya. Yaya ake lissafin abin da ke sakewa?

A ce randa ce cike da ruwa, lita 100, ta tsage a gindi. In tana cike, ruwan na zuba da ƙarfi. In ta yi ƙasa, zubar na raguwa. A ce ƙarfin zubar shi ne kashi 1 cikin 10 na ruwan da ke ciki, a awa guda. Bayan awa 3, lita nawa za ta rage?

Kada ku ce 70. Zubar ba ta tsaya ɗaya ba. Mu bi ta taki-taki. Awa ta farko, 10 ta fita, saura 90. Awa ta biyu, kashi ɗaya cikin goma na 90 shi ne 9, saura 81. Awa ta uku, 8,1 ta fita, saura 72,9.

Nan ma akwai ɗan kuskure. Mun yi kamar zubar tana tsayawa ɗaya har awa ta cika, sannan ta ragu. Randa ba ta duban agogo. Zubarta na raguwa kowane lokaci. Mu gajarta takin ya zama rabin awa, a kowane taki kashi 1 cikin 20 ya fita. Taki 6 ke nan: 95, sai 90,25, sai 85,74, sai 81,45, sai 77,38, sai 73,51. In aka gajarta takin zuwa minti ɗaya-ɗaya, amsar za ta tsaya kusa da 74. Yankan da muka yi wa gona shi muka yi wa lokaci. Wani masanin lissafi ɗan ƙasar Suwis, Euler, ya rubuta wannan hanya a 1768.

A yanka sararin sama

Yanzu ku haɗa gona da randa, kun samu hasashen yanayi.

Ana yanka iskar duniya duka gida-gida, kamar ɗakuna a jere, wasu bisa wasu. A kowane ɗaki ana rubuta lambobi: zafin iskar da ke ciki, nauyinta, danshinta, gudunta da inda ta dosa. Sannan akwai ƙa'idodin da masana suka tabbatar. Iska tana barin inda ta yi nauyi, ta nufi inda ta yi sauƙi. Juyin duniya yana karkata hanyarta. Iska mai zafi tana hawa sama. In ta hau, tana yin sanyi. In ta yi sanyi, ba ta iya riƙe danshinta, sai ya zama gajimare. An mai da waɗannan ƙa'idodi lissafi. Kowane ɗaki ya dubi maƙwabtansa: me zai shigo mini, me zai fita, nan da minti kaɗan? A gyara lambobin duka ɗakunan. Taki ɗaya ke nan. A sake, a sake, har a kai gobe.

Wanda ya fara gwada wannan wani Bature ne ɗan Ingila, Lewis Fry Richardson. A lokacin yaƙin duniya na farko yana tuƙa motar ɗaukar masu rauni a Faransa. In ya sami hutu, sai ya ɗauko takardunsa. Ya ɗauki awon da aka yi a tsakiyar Turai ranar 20 ga Mayu 1910, ya nemi ya lissafa abin da ya faru awa 6 bayan haka. Da hannu ya yi. Aikin ya ci masa kamar mako 6. Amsar da ya samu ta yi nisa da gaskiya ƙwarai. Lissafinsa ya ce nauyin iska zai yi wani irin tashi da ba a taɓa gani ba, alhali a ranar kusan bai motsa ba.

Wani da ya ɓoye takardun. Shi kuwa ya buga su a littafi a 1922, da amsar yadda ta fito. Daga baya masana suka duba, suka ga hanyarsa mai kyau ce. Matsalar tana cikin lambobin da ya fara da su, waɗanda ba su jitu da juna ba. Ya kuma ƙiyasta cewa in ana son lissafin duniya duka ya riƙa tafiya daidai da gudun yanayi, sai an tara mutum dubu 64 suna lissafi tare.

Mutum dubu 64 ba su samu ba. Inji ne ya samu. A 1950, a Amurka, aka gwada da wata kwamfuta mai suna ENIAC. Ta cika babban ɗaki, nauyinta kusan tan 30, tana tarawa sau 5000 a daƙiƙa guda. Hasashen awa 24 ya ɗauke ta kusan awa 24. Wato kafin ta gama faɗin gobe, goben ta iso. Amma amsar ta yi kama da gaskiya, kuma abin da ake son gani ke nan. A 2008 aka sake wannan lissafi a wayar salula ta Nokia. Bai kai daƙiƙa ɗaya ba.

Yau ɗaya daga manyan cibiyoyin wannan aiki ita ce ta ƙasashen Turai, mai hedkwata a garin Reading na Ingila. Ɗakunanta faɗinsu kamar kilometir 9 ne. Sun fi miliyan 6 a fuskar duniya, kuma hawa 137 ne daga ƙasa zuwa sama. Kusan ɗaki miliyan 900 ke nan. Kowane taki minti 7 da rabi ne. Hasashen kwana 10 taki 1920 ne. Abin da ya fito daga irin waɗannan cibiyoyi yana isa ga ma'aikatan meteyo na ƙasashe, su haɗa shi da nasu awo da abin da suka sani na ƙasarsu, sannan su yi muku magana.

In yankan bai yi kyau ba

Injiniyoyi ma haka suke yi. Kafin a gina gada ko madatsar ruwa, ana yanyanka ta a cikin kwamfuta, a lissafa nauyin da kowane gutsure zai ɗauka. A 1991, a ƙasar Norwe, an gina wani ƙaton gindi na siminti, wanda za a ɗora wa ma'aikatar haƙo gas a teku. Sunansa Sleipner. Ranar 23 ga Agusta ana gwada shi a ruwa, sai bango ya tsage, ya nutse. Ba a rasa rai ba, amma dukiya mai yawa ta tafi. Da aka bincika, sai aka ga yankan da aka yi a wani lungu na ginin bai dace ba. Lissafin ya nuna ƙarfin da zai matsa wurin ƙasa da gaskiya da kashi 47 cikin 100. Kwamfutar ba ta ɓata ko tarawa ɗaya ba. Abin da aka ba ta shi ta lissafa.

Wannan ya kawo mu ga tambayar da ke bakin kowane manomi: don me suke cewa ruwa, ruwa bai zo ba?

Kun san ruwanmu. Mafi yawansa daga hadarin da ke tasowa daga gabas yake zuwa, ya yi yamma. Ya jiƙa wannan ƙauye sharkaf, ƙauyen da ake jiyo kiran sallarsa kuwa ƙura kaɗai ya samu. Inda hadari ke fara haɗuwa sau da yawa bai kai faɗin ɗaki guda na lissafin ba. Kamar a kama ƙananan kifi ne da koma mai manyan idanu. Injin yana iya cewa iskar jiha kaza ta ɗauki danshi, hadari na iya tashi. Faɗin ƙauyen da zai sauka kuwa ya fi ƙarfinsa har yanzu. A ƙasashen sanyi, inda ruwa ke zuwa da gajimare mai faɗin ɗaruruwan kilometir, hasashen ya fi dacewa. A Sahel ya fi wuya. Gara ku san haka.

Sai kuma awo. Lissafi yana farawa ne daga lambobin yau. Ana samun su daga tashoshin meteyo, da balan-balan da ake saki sama ɗauke da abin awo, da jiragen sama, da taurarin ɗan Adam. Tashoshin awo a Afirka ba su da yawa in an gwada da Turai. Shi ya sa ma'aunin ruwan nan da aka kafa a wasu ƙauyuka ba abin wasan yara ba ne. Wanda ke rubuta awonsa kullum, a kan lokaci, yana cikin wannan aiki.

Ko da awo ya yi yawa, da sauran magana. A 1961 wani masani a Amurka, Edward Lorenz, ya so ya maimaita wani lissafin yanayi. Inda lambar take 0,506127, sai ya rubuta 0,506 don ya rage wahala. Bambancin bai kai 1 cikin 1000 ba. Da farko amsoshin biyu suka tafi tare. Can gaba suka rabu, har babu kama tsakaninsu. Kamar matafiya biyu ne da suka bar gari tare, ɗaya ya ɗan karkata hagu. Da hantsi suna hangen juna. Bayan kwana uku kowa na wata ƙasa. A yanayi, ƙaramin kuskure girma yake yi. Don haka hasashen gobe ya fi na jibi ƙarfi, na jibi ya fi na gata. Bayan kamar mako biyu, ba mai iya cewa rana kaza za a yi ruwa.

Masana ba su ɓoye wannan ba. Sun nemo masa dabara. Maimakon lissafi ɗaya, cibiyar Turai tana yin 51, kowane da lambobin farko da aka ɗan taɓa. In 45 suka nuna ruwa a yankinku, magana ta yi ƙarfi. In 25 suka nuna, 26 ba su nuna ba, to ba a sani ba ke nan, kuma mai gaskiya zai faɗa. In kun ji an ce yiwuwar ruwa kashi 70 cikin 100, ga ma'anarsa: a cikin ranaku 10 masu irin wannan alama, kamar 7 za a yi ruwa, 3 ba za a yi ba. Ranar da ba a yi ba, ba ƙarya aka yi muku ba. Ɗaya ce daga cikin ukun.

Akwai kuma hasashen damina gaba ɗaya. A Yamai akwai cibiyar AGRHYMET, wadda aka kafa a 1974 bayan babban farin da ya halaka dabbobi a Sahel. Akwai kuma ACMAD, mai yi wa Afirka duka aiki. Kowace shekara kafin damina, masana na ƙasashen yankin suna taruwa, su dubi zafin ruwan teku da abin da injuna suka lissafa, su faɗi ko daminar ta fi karkata ga yawa, ko matsakaici, ko ƙaranci, da ko za ta faɗi da wuri. Ba su faɗin rana. A watan Afrilu na 2024 sun ce ana sa ran damina mai ruwa a Sahel. Haka aka yi, har ya wuce kima. Ambaliya ta rusa gidaje da yawa a Maraɗi, tsohon masallacin Damagaram ya faɗi a watan Satumba. Hasashen bai faɗi wane gida zai faɗi ba. Amma wanda ke zaune a hanyar ruwa, ko rumbunsa na kwari, ya sami watanni na shiri.

Haka batun shuka. Masana aikin gona a Sahel sukan ce damina ta kama in an sami milimetir 20 cikin kwana 3, kuma dogon fari bai biyo baya ba. Milimetir 1 shi ne lita 1 a kan kowane murabba'in metir. A gonar nan tamu ta 2000, milimetir 20 lita dubu 40 ke nan. Rabin farko na maganar, ma'aunin ƙauye ne zai gaya muku, da tonon ƙasa da hannu. Rabi na biyu, wato ko fari na tafe, nan ne hasashen kwanaki masu zuwa ke da amfani. In ruwan farko ya sauka, rediyo kuwa ta ce kwanakin gaba babu alama, mai iri kaɗan ya yi tunani kafin ya zuba shi duka a ƙasa.

Ga aikin wannan mako. Ku ci gaba da lissafin randa daga 72,9, ku nemo awa ta huɗu da ta biyar. Sannan ku haɗu ku uku ko huɗu, ku sami igiya mai metir 10, ku auna gonar ɗayanku. Ku yi da yanki mai faɗin metir 10, ku sake da na metir 5. Ku rubuta amsoshin biyu, ku kai wa malaminku, ku ga nawa ne tsakaninsu.

Sai mako mai zuwa.